Yanda zaka fita daga Sayantoloji, da yanda zakayi da kewar da take biyo baya

Wani dare cikin watan Afrilu, lokacin nan da zafin Maradi yake hana kowa kwanan ɗaki, wuta ta ɗauke, ina kwance tsakar gida kan tabarma wajen ƙarfe biyu, sai na tsinci kaina ina danna wata lamba ta Faransa wadda na goge tun shekara ɗaya da rabi baya. Na goge ta a waya amma ashe tana nan zaune daram a kaina. Ranar kasuwa bata yi min kyau ba, mun samu saɓani da wanda nake juya wa kuɗi, kuma abinda kawai raina yake so shine in zauna gaban wani in riƙe gwangwanayen nan guda biyu na na'urar ƴan Sayantoloji inyi ta magana babu mai katse ni. Wlh na san dalilin da yasa na fita daga cikinsu, ban manta ko ɗaya ba, amma hannuna yana danna lambar. Wannan abun shi nake so muyi magana a kai, dan shine ba'a cika faɗa wa mutum ba. Kowa zai ce maka fita ka huta, babu mai ce maka bayan ka fita zaka yi kewarsu kamar wanda aka raba da dangi.

Ni karatu ya kai ni Faransa, kuma a cikin sanyin nan na hunturunsu wanda mutum sai yayi sati bai ji an kira sunansa ba aka miƙo min takarda a bakin titi, wai gwajin hali ne kyauta, tambayoyi 200. Daga nan na kwashe kusan shekara huɗu a cikin Sayantoloji. Ba labarin abinda ya shiga tsakanina da su zan baku ba, wannan na barshi inda yake. Na rubuto ne dan nasan akwai ƴan garinmu da suka haɗu da abun a waje, Faransa ko Beljiyam ko Afirka ta Kudu, akwai kuma ƙannenmu da ke nan gida suna cike darussansu na kyauta ta intanet. Ni dai ban taɓa ganin allonsu a Maradi ba, amma waya bata san iyakar ƙasa ba.

A taƙaice ga wanda bai san su ba: wani marubuci Ba'amurke ne mai suna Ron Hubbard ya fitar da littafin Dayanetik a 1950, daga baya abun ya zama coci a farkon shekarun 1950, shi ya mutu a 1986, yanzu David Miscavige ke riƙe da ragamar. Babban abinsu shine zaman da masu Faransanci ke kira odisiyon, kana riƙe da gwangwani biyu da aka jona da wata na'ura mai allura, wani yana maka tambayoyi yana rubutawa. Akwai matakai da suke kira Gada, kana hawa ɗaya bayan ɗaya, kuma kusan kowane mataki da kuɗinsa. A Amurka hukumar haraji ta amince da su a matsayin addini a 1993. A Faransa kuwa kotun Paris ta samu cibiyarsu da shagon littattafansu da laifin zamba a 2009, tarar yuro 600,000 gaba ɗaya, wato kusan miliyan 394 na sefa, kuma kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin a 2013. Na kawo duka biyun ne dan ka san inda ka taka, ƙasa da ƙasa ba ɗaya suke kallonsu ba.

Toh fitar kanta. In har yanzu kana ciki kana karanta wannan a ɓoye, abu na farko takardunka. Fasfo, katin zama, katin banki, takardun lakwal, duk su kasance a hannunka ko wajen wani wanda ba ruwansa da su. Duk rasit ɗin da aka taɓa baka da duk yarjejeniyar da ka sa wa hannu ka ɗauki hotonsu ka tura wani waje da kai kaɗai ka sani. Ka je banki ka tsaida duk wani cire kuɗi da yake fita da kansa wata wata. Kayi wannan kafin ka faɗa wa kowa a cikinsu kana tunanin tafiya, har wanda kake ganin amininka ne, ba dan mugu bane, a'a tsarin ne ya koya wa kowa rubuta rahoto kan ɗan'uwansa kuma shi a ganinsa taimakonka yake.

Ba kowa ne fitarsa iri ɗaya ba. Wanda yake zuwa yana biyan kuɗin darasi ya koma gidansa, shi daina zuwa kawai zai yi. Ma'aikaci mai kwantiragin shekara biyu da rabi ko biyar nashi yafi nauyi. Ƴan Sea Org kuwa, waɗanda suka sa hannu kan alkawarin shekara biliyan ɗaya, su ci da kwana duk a can ne, sai sun tanadi inda zasu sauka da kuɗin mota kafin su motsa. In kana cikin rukunin biyun ƙarshe za'a iya turo maka lissafin kuɗin darussan da kayi lokacin kana musu aiki, ace bashi ne a kanka. Kar ka biya ko dala sai lauya ya gani. Haka in kana da kuɗin da ka zuba gaba baka yi amfani da su ba kana so a maido maka, ka nema a rubuce, kuma ka san takardar da ka sa wa hannu tana da ƙarfi: a Amurka akwai mata da miji da suka kai ƙara a 2013 kan kuɗinsu, kotu ta maida su ga sulhun cikin gida na cocin saboda irin wannan takardar. A Faransa akwai hukumar gwamnati Miviludes da ƙungiyar UNADFI da ke sauraren mutanen da suka fito daga irin waɗannan ƙungiyoyi, in kana can ka neme su.

Sai kuma maganar zama na ƙarshe. Za'a ce ka zo sau ɗaya tak a fahimci juna, a gyara abinda ya ɓata maka rai, ka fita ta hanyar da ta dace. Shawarata kar ka je. Ba sai ka ci kowa a gardama ba kafin ka tafi, kuma gaskiya ba zaka ci ba, su aikinsu kenan kullum kai kuma zuciyarka rabi tana tare da su. Saƙo ɗaya ya isa, gajere, ba zagi ba bayani: na daina, dan Allah a daina nemana, a cire sunana. Ka ajiye kwafi. Daga nan ka toshe lambobi, in ta kama ka canza layi. Wasiƙu da imel zasu iya ci gaba da zuwa shekaru dan sanannen abu ne suna ajiye sunan duk wanda ya taɓa sayen ko littafi ɗaya, kar wannan ya baka tsoro kuma kar ya sa kaji kamar kai na musamman ne ake nema.

Faɗa wa gida shi yafi bani wuya. Mu nan kalmar coci kaɗai ta isa a ce wane yayi ridda, labari ya zagaye unguwa kafin la'asar. A farko ce maka ake zaka iya riƙe addininka, nima ban bar salla ba da fari, sai a hankali zancen wai ruhin mutum ya rayu sau da yawa a jikkuna daban daban ya fara shigowa, kai da aka koya wa mutuwa ɗaya tashi ɗaya hisabi ɗaya. Kuskuren da nayi shine na fara da taron jama'a, ranar wani suna a gidanmu bakina ya suɓuce gaban baffannina, aka yi min caa, wani yana cewa a kai ni ruƙiyya wani yana cewa dama Turai haka take maida yara. Kar kayi irin nawa. Ka zaɓi mutum ɗaya mai riƙe magana. Ni daga baya Yayata na samu a ɗakinta tana ninkin kaya, nace Yaya akwai maganar da nake so in faɗa miki amma dan Allah ki bari in kai ƙarshe. Ta ajiye zanen tace to ina jinka. Da na gama abinda ta tambaya kawai shine, yanzu akwai wanda ke binka bashi? Nace akwai na banki. Tace to wannan shi zamu fara kashewa, sauran a hankali. Ita ta san yanda ta shigar da maganar wajen Inna, ban san mi ta faɗa mata ba amma Inna bata taɓa ɗaga min murya a kai ba.

Ku kuma ƴan'uwan wanda ya fito, dan girman Allah ku rage tsokana. Wai ina hankalinka yake, wai duk bokon naka. Duk ranar da kuka maida shi abin dariya a fada, a daren nan zai tuna inda ake tafa mishi.

Yanzu kewar. Hausawa sunce sabo ake wa kuka, kuma shine gaba ɗaya maganar. Ni na daɗe ina ɗauka cewa tunda har ina son komawa to wataƙila su ke da gaskiya, wataƙila nine na kasa. Wannan lissafin ƙarya ne. Wanda ya bar taba yana jin ƙamshinta daga nesa ransa ya biya, wannan bai maida taba magani ba. Abinda ya taimake ni shine na daina kallon kewar a dunƙule, duk sanda ta taso sai in tambayi kaina, takamaimai mi kake nema yanzun nan? Kuma kusan kullum amsar ba aƙidarsu bace. Wani abu ne ƙarami na ɗan Adam wanda a can nake samu, na dawo gida ban tanadi inda zan same shi ba.

Babba a cikinsu saurare. A ƙa'idar odisiyon mai sauraronka baya yanke maka hukunci baya ce maka ga abinda zaka yi, tambaya yake kana amsawa, awa guda awa biyu hankalinsa na kanka. Ka faɗa min gaskiya, a garin nan wa ya taɓa sauraronka awa guda? Mu kana buɗe baki kace wallahi kwanan nan raina, kafin ka rufe ance kayi haƙuri, kowa da tashi jarrabawar, a kawo shayi. Ba mugunta bace, haka muka tashi. Amma wanda ya ɗanɗana a saurare shi har ƙasa wannan haƙurin baya isarsa. Ni wani Kawuna na samu, ƙanen Inna, tela ne a wajen babbar kasuwa, mutum mara yawan magana. Na je shagonsa bayan isha nace Kawu alfarma nake nema, in zo duk daren Talata in zauna inyi magana, kar ka bani shawara, kar kace inyi haƙuri, ka ci gaba da ɗinkinka kawai. Ya dube ni ta saman tabarau yace to ai wannan aikin baifi ƙarfina ba, zauna. Haka nake zama kan buhun ƙyallaye, keke yana ƙara, shi yana cizon zare yana cewa uhm, uhm. Wata rana nayi kuka bai ɗago ba sai da na gama ya miƙo min ruwa a moɗa. Wata bakwai muna haka. Ka nemi naka, ka faɗa mishi sharaɗin ɓaro ɓaro tun farko dan in baka faɗa ba wa'azi zai maka. In mace ce ki nemi ƴar'uwa ko gwaggo wadda ba'a taɓa jin maganar wani a bakinta ba.

Na biyu hawa. A can komai da ma'auni, ka gama mataki a baka satifiket a tara mutane a tafa maka, akwai babban jadawali a bango kana ganin inda kake da inda zaka. Wani da na sani da yayi musu aiki yace min har yau in Alhamis tayi ƙarfe biyu na rana gabansa faɗuwa yake, dan lokacin ne ake rufe lissafin aikin sati. Ka fito daga wannan ka dawo inda yau da jiya duk ɗaya, sai kaji kamar ka tsaya cak duniya tana wuce ka. Maganinsa ka samu wani abu mai matakai da ido ke gani. Ni tilawa na koma, izu sittin ne ba mai ƙara maka na sittin da ɗaya in ka kusa kaiwa, kuma ba'a ce ka kawo yuro. Na haɗa da ɗan fili da na shuka gyaɗa a hanyar Tibiri. Wani gyaran waya zai koya, wani gudu da asuba, wani Ingilishi. Kowanne dai ya zama abinda zaka iya cewa watan jiya ina nan yau ina nan.

Na uku kuma wanda nake ganin mu Hausawa Allah ya bamu sa'a a kansa, shine harshe. Suna da kalmominsu ɗaruruwa har ƙamus gare su, kuma in ka daɗe da su da waɗannan kalmomin kake tunani. Wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Robert Lifton, tun 1961 ya bayyana yanda ƙungiya ke cusa wa mutane kalmomin da ke tsaida tunani, ana furta su magana ta ƙare. Wanda Faransanci ko Ingilishi ne harshen uwarsa yana shan wahalar tace su dan sun gauraye da maganarsa ta kullum. Kai kuwa kana da wani ɗaki a kanka da basu taɓa shiga ba. Na sayi kaye, duk sanda kalmarsu ta faɗo min sai in rubuta ta in fassara da Hausar da Inna zata gane. Wanda suke kira mai danniya, in na fassara sai ya fito: mutumin da yace min kar in je. Abinda suke kira gurɓataccen labari ya fito: maganar da basa so in ji. Yanke alaƙa ya fito da sunansa na gaskiya, yanke zumunci, kuma kai ka san nauyin wannan kalmar a wajenmu. Wlh wasu in ka juya su Hausa dariya zasu baka. In kewar ta taso kayi tunaninta da Hausa, da ƙarfi ma in kai kaɗai ne, zaka ga bata da ƙafafu sosai.

Akwai kuma tsoro, shi a ɓoye yake zuwa. A koyarwarsu ciwo da haɗari suna da nasaba da cuɗanya da mai danniya, saboda haka duk abinda ya same ka bayan ka fita zuciya sai tace ka gani ko? Daminar farko da na dawo, cikin watan Agusta, zazzaɓi ya kwantar da ni, ina rawar ɗari cikin bargo ina cewa a raina shikenan abun ya fara. Inna ta shigo da kunu ta taɓa goshina tace mi kake ta gunguni? Nace Inna inaga abinda na baro ne yake bina. Tace kai tafi can, sauro ne ɗan nan, gidan sauron da na baka yana nan cikin ledarsa ko buɗe shi baka yi ba. Aka kai ni likita aka ɗiba jini, palu ne, kwana uku na magani na miƙe. Rabin unguwarmu sun kwanta a watan nan kuma babu wanda ya taɓa jin sunan Hubbard a cikinsu. Tun daga nan in wani abu ya lalace min sai in duba maƙwabta, in suma yana samunsu to rayuwa ce.

Tsoron asirinka ma yana nan, dan duk abinda ka faɗa a odisiyon a rubuce yake cikin fayil. Tsoffin ƴan cikinsu da dama sun yi zargin ana amfani da shi a kan wanda ya fita, cocin yana musantawa. Ni abinda nayi, abu biyun da suka fi bani kunya na faɗa wa Kawu da bakina. Uhm yace. Daga ranar nauyinsu ya ragu.

Ga dabarar da nake amfani da ita in abun ya taso da ƙarfi. Kwana uku. Bana ce wa kaina har abada ba zan koma ba dan wannan maganar tana sa zuciya tawaye, cewa nake in har bayan kwana uku ina so to sai a duba, amma cikin kwana ukun ba kira ba saƙo ba buɗe shafinsu. Ban taɓa kaiwa kwana na uku da ƙarfinta ba. Kuma kar ka yanke komai da dare, ko kana jin yunwa, ko ranar da kayi asara, ko kunyi faɗa da iyali. Sannan tun yanzu da kake cikin hayyacinka ka ɗauki muryarka a waya, minti biyar, da Hausa, ka faɗi dalilan fitarka ɗaya bayan ɗaya harda nawa ka kashe, ka juya shi sefa dan yuro baya ciwo a kunne kamar sefa. Muryarka ta fi takarda tasiri. Kuɗin da suka tafi kuma sune suke jan mutum, kace na zuba kaza saura kaɗan in kai, ai gara in ƙarasa. Wanda guga ya faɗa mishi rijiya baya bin ta da kansa.

Karanta abinda masu suka suka rubuta, nan ma a hankali. Ni na ɗauki wata da watanni ina tsoron buɗewa, musamman bayanan matakan sama da Hubbard yace wanda bai shirya ba in ya shige su zai iya kamuwa da ciwon huhu ya mutu. Bayanan sun fito fili ta hanyar shari'a a Amurka, jaridar Los Angeles Times ta buga su tun 1985, labarin wani sarkin sararin samaniya ne da abinda wai ya faru shekara miliyan 75 baya. Na karanta shi a fada ana zagaye na biyu na shayi, zuciyata na bugawa, na gama na zauna ina jiran ko tari ya zo, sai abokina yace kai miƙo kofin mana. Ka saurari manyan da suka fita irin Mike Rinder wanda shine kakakinsu kafin ya bar su a 2007, ko Leah Remini da ta fita a 2013. Amma ka sa wa kanka iyaka. Akwai lokacin da nake ƙone kuɗin intanet har asuba ina kallon bidiyon masu zaginsu, sai na gane har yanzu dai su ne suka cika min rana, gefe kawai na canza.

In bacci ya ƙi zuwa sati da sati, ko kana firgita, ko ka fara jin rayuwar ta ishe ka, ka je babban asibiti ka nemi likitan ƙwaƙwalwa, in tunanin kashe kai ne ranar zaka je kuma ka tafi da wani. Na san mi zaka ji dan a can an koya maka likitocin ƙwaƙwalwa sune manyan maƙiya, har ƙungiya suka kafa a 1969 dan yaƙarsu, sannan nan gida kuma ace mahaukaci ne ke zuwa wajensu. Ka tsallake duka biyun ka je, ranar wanka ba'a ɓoyon cibi.

Kuma ka kula kar ayi gudun gara a faɗa zago. Wanda ya fito yana da wani gurbi a zuciya da duk mai wayo zai iya ganewa. Wani malami da aka haɗa ni da shi yace aljanin Turawa ne a jikina sai na kawo rago baƙi da jika hamsin, saura ƙiris in kai dan yanda yake magana da tabbaci ya min daɗi. Bayan shi wasu masu kasuwancin nan na kawo mutum uku kowanne ya kawo uku suka gayyace ni taro a wani otel, ina shiga naji tafi da kirari da matakan hawa sai jikina yace gida ya dawo, da ƙyar na fito. Akwai ma waɗanda suka bar cocin amma suke ci gaba da odisiyon a zaman kansu, wasu sunce ya taimake su sauka a hankali, ni dai a ganina kamar ka saki mace ne ka kama haya a zauren gidansu. Malamin da ya dace da kai shine wanda zaka yi wa tambaya mai nauyi bai fusata ba, bai ce ka daina zuwa wajen kowa sai shi ba, kuma bai fara da kuɗi ba.

Waɗanda ka bari a ciki zasu iya daina amsa maka. Ina da aboki ɗan Mali da muka yi shekara biyu muna dafa shinkafa a tukunya ɗaya, tun da na fita bai ƙara buɗe saƙona ba. Duk Sallah ina tura mishi barka da Sallah, layi ɗaya, ba wa'azi ba hanyar shiga wani shafi, dan ranar da zai so fita ya san akwai lambar da zata ɗauka.

Daren nan na Afrilu da na faɗa da farko, ban ɓoye muku ba, na kira. Ta yi ƙara sau biyu na kashe, jikina duk zufa. Da safe naji kunya kamar na zubar da shekara ɗaya da rabi, na je na faɗa wa Yaya, tace to an ɗauka? Nace a'a. Tace to je kayi wanka ka tafi kasuwa. In kaima ka zame haka, ko ma ka koma kayi zama ɗaya, ka sake fitowa, ka faɗa wa mutuminka ɗaya a ranar kar ka bari ya kwana.

Littattafan da kaset-kaset ɗin da ka tara kuma kar ka barsu ɗakin da kake kwana. Rasit da yarjejeniya su ka adana, zasu iya maka amfani gaba. Sauran ka ɗaure a kwali ka kai gidan wani, ka ce kar a baka sai da rana kuma sai kun zauna tare. Nawa suna ƙarƙashin gadon Yaya shekara biyu, rannan ta kira ni tace gara ta fara cin kwalin, ko dai in zo in kwashe ko ta ba mai ƙosan bakin layi tayi ƙunshi da su. Nace ta bata, amma ta yage shafin farko na kowanne dan akwai sunana a rubuce.